Shin tsadar kwamfutar tafi-da-gidanka na nufin kibod ɗinta zai yi ƙarko?

Mai_Zane_Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata zanen gine-gine ce, kuma manhajojin da nake aiki da su suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfin gaske, irin wadda ake yi domin masu wasanni ko injiniyoyi. Abin da ke damuna shi ne, a ganina kamfanoni suna zuba kuɗinsu a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa na'urar lissafi, da katin hoto mai sarrafa hotuna, su bar kibod da gangar jikin na'urar a baya. Wadda nake amfani da ita yanzu har yau ba ta gaza wajen sauri ba, amma madannin Ctrl na hagu ya daina amsawa sai an danna shi da ƙarfi, doguwar sandar tazara ta karkace, kuma idan na ɗora yatsa a tsakiyar kibod ɗin sai in ga duk wurin ya lotsa. Na zaga shaguna na gwada sababbi masu tsada, na tarar da yawansu suna lotsawa haka nan tun suna cikin leda. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin: me ya kamata mutum ya duba kafin ya biya kuɗi, kuma shin akwai wadda ta haɗa ƙarfin aiki da ƙarkon jiki?

Maigyara_Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Ni gyaran kwamfuta nake yi, kuma zan fara da abin da mai saye ba ya gani. Kowane madanni yana zaune ne a kan wasu siraran robobi guda biyu da suka gitta juna kamar almakashi, a ƙarƙashinsu akwai ɗan ƙoƙon danƙo da ke mayar da madannin sama bayan an danna, a can ƙasa kuma akwai shimfiɗar leda mai layukan lantarki, sannan farantin ƙarfe da ke riƙe da komai. Wannan tsarin kusan ɗaya ne a na'ura mai araha da mai tsada. Inda bambancin yake shi ne kaurin farantin, da kuma yadda aka ɗaure shi a jikin na'urar. A da, noti biyu ko uku za ka kwance, ka zare kibod ta sama, ka saka sabo cikin 'yan mintuna. Yanzu da yawa daga cikin na wasanni ana maƙala kibod ɗin ne daga ciki da ƙananan ƙusoshin roba masu yawa da aka narkar da kawunansu, saboda haka idan madanni ɗaya ya mutu sai an fitar da madabod, wato babban allon lantarkin na'urar, da fankoki da batir kafin a kai gare shi, sannan ko dai a sayi saman na'urar gaba ɗaya, ko a yanke ƙusoshin a liƙa sabo da gam. Wanda aka liƙa da gam kuwa ba ya taɓa zama daram kamar na asali, ko da wane ne ya yi aikin. Don haka tambayar farko da zan yi wa mai shago ita ce: kibod ɗin nan da noti yake ko da narkakkiyar roba?

Injiniya_Zariya:
Na yarda da Maigyara, amma ina so Malam Mai Zane ya raba abubuwa biyu da ya haɗa. Lotsawar tsakiyar kibod daban, mutuwar madanni daban, kuma ɗaya ba lallai ya jawo ɗayan ba. Akwai na'urorin da ke ɗan lotsawa amma madannansu su yi shekaru lafiya, akwai kuma masu tauri kamar dutse da madannansu suka ba mutane wahala.

Haka kuma ban yarda gaba ɗaya cewa sakaci ne kawai ba. Babban abokin gaban kibod a irin waɗannan na'urori shi ne zafi. Katin hoto irin RTX 4090 na kwamfutar tafi-da-gidanka kan iya zuƙar wat 175 shi kaɗai, furosesa kuma kan kai kusan digiri 100 a ma'aunin Salshiyos kafin ya rage gudu don kare kansa. Duk wannan yana faruwa ne a ƙarƙashin yatsunka, tazarar ba ta wuce 'yan milimita ba. Wasu kamfanonin ma da gangan suke barin ramuka a farantin kibod domin fanka ta ja iska ta tsakanin madannai, kuma faranti mai ramuka ba zai yi tauri irin na cikakke ba. Wato wani lokacin an sayar da taurin kibod ne don a sayi sanyi. Lokacin da kamfanin ASUS ya fitar da samfurin kwamfutar wasanninsa Zephyrus na farko a 2017, ture kibod ɗin ya yi gaba ɗaya zuwa bakin na'urar, ya bar saman wurin zafin don shigar iska, wanda ke nuna cewa masu ƙera su sun san matsalar.

Ummu_Khalil:
Ni fassara da buga takardu nake yi, kuma abin da ke fara lalacewa a wurina ba ya cikin abin da kuka ambata. Haruffan ne ke gogewa. A tawa, A da N da K sun zama fararen tabo da haske ke fitowa ta cikinsu, ba a ganin harafin ko kaɗan, alhali madannan suna aiki. Shin wannan ma alamar rashin inganci ce, ko kuwa haka kowace take?

Maigyara_Kano:
Hajiya, wannan ya zo ne daga yadda ake yin madannai masu fitila. Robar madannin asalinta mai barin haske ya wuce ce, sai a shafe ta da baƙin fenti, a ƙone siffar harafin da leza. Idan farce da gumi suka cinye fentin, sai hasken ya bazu. Kaurin fentin da abin da aka shafa a kansa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma duk mai wannan tsarin zai goge a hannun mai yawan rubutu. Sauƙin abin shi ne ana iya ɓalle madanni ɗaya a sauya shi, muddin an samu mai irin maƙalinsa.

DanMaradi:
Maganar Injiniya cewa tauri ba shi ne ƙarko ba tana da babban misali da duniya ta shaida. Kamfanin Apple tun 2008 yake sassaƙa jikin MacBook Pro daga dunƙulen alminiyam guda, kuma babu mai cewa suna lotsawa. Amma a 2015 ya kawo sabon tsarin madanni mai buɗewa kamar fikafikan malam-buɗe-littafi a MacBook mai inci 12, ya kai shi MacBook Pro a 2016, duk domin a rage kaurin na'ura. Nisan da madannin ke nutsewa bai kai milimita ɗaya ba, saboda haka ƙwayar ƙura ko ɓurɓushin abinci ya isa ya hana harafi fitowa, ko ya sa ya fito sau biyu. A 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta na tsawon shekara huɗu daga ranar saye, ya kuma ƙara wata siririyar shimfiɗar silikon a ƙarƙashin madannai, amma koke bai tsaya ba. A ƙarshen 2019 ya koma tsarin almakashi a MacBook Pro mai inci 16, a 2020 sauran suka bi. A 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka, ko da yake bai amsa laifi ba. Waɗannan na'urori suna cikin mafi tsada a kasuwa a lokacinsu.

Baban_Sadiq:
Abin da ya ƙara tsananta wancan lamarin shi ne daidai abin da Maigyara ya faɗa tun farko. Kibod ɗin a haɗe yake da saman na'urar, batir kuma a liƙe a jikin saman, don haka madanni ɗaya ya sa a sauya kusan rabin kwamfuta. Ina tuna shawarar da kamfanin ya wallafa cewa a karkata na'urar zuwa digiri 75 a fesa mata iskar da aka matse a gwangwani. Idan ƙurar ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ta isa ta yi wannan ɓarna, sai mu yi tunanin ƙurar hunturu a Kano ko Maraɗi. Ina ba duk mai sayen ta-hannu shawara ya duba shekarar MacBook kafin ya biya, domin na 2015 zuwa 2019 suna nan da yawa a kasuwanninmu, kuma wa'adin gyaran kyautar ya wuce.

Abba_Wasanni:
Da izinin manya, ina ganin an ɗan yi wa na'urorin wasanni rashin adalci. Mu masu wasa mun fi kowa azabtar da kibod, domin madannai huɗu, W da A da S da D, su ne ke shan danna na sa'o'i a jere, kuma kamfanoni sun san haka. ASUS yana tallata cewa madannan kwamfutocinsa na ROG Strix suna jure danna miliyan 20. A 2021 kamfanin Alienware ya fitar da kwamfutocin m15 R4 da m17 R4 da madannai na inji da kamfanin Cherry na Jamus ya ƙera, masu sifirin da fikafikan ƙarfe maimakon ƙoƙon danƙo, suna nutsewa milimita 1.8, kuma an ce kowanne na jure danna miliyan 15. Tun kafin nan, a 2015, kamfanin MSI ya saka cikakken kibod na inji irin na tebur a kwamfutarsa GT80 Titan. Saboda haka ba gaskiya ba ne a ce babu wanda ya damu da kibod. Sannan akwai abin da mai rubutu ba zai lura da shi ba: a kibod mai araha, idan ka danna wasu madannai uku ko huɗu lokaci guda, ɗaya ba zai shiga ba, saboda suna raba layin lantarki. Na wasanni masu kyau an yi musu tsarin da kowane madanni ke shiga ko nawa aka danna.

Injiniya_Zariya:
Malam Abba, alƙaluman da ka kawo haka kamfanonin suka faɗa, amma a san yadda ake samun su. Inji ne ke danna madanni daga sama, a miƙe, da ƙarfi iri ɗaya, a ɗaki mai tsabta. Yatsan mutum kuwa daga gefe yake zuwa, da gumi da maiƙo, wani lokacin da fushi idan wasa ya ɓaci, kuma a kan faranti mai zafi. Adadin yana gaya maka cewa danƙon ko sifirin ba zai gaji da wuri ba, amma bai ce komai ba game da ƙananan haƙoran robar da ke riƙe da madannin, waɗanda su ne ke karyewa. GT80 da ka ambata kuma nauyinta ya haura kilo huɗu, allonta inci 18.4, ba abin da Malam Mai Zane zai rataya ya je wurin gini da shi ba ne.

Tunda an zo kan talla, bari in taɓo MIL-STD-810H da ake mannawa a jikin kwali. Wannan kundi ne na Ma'aikatar Tsaron Amurka da ke bayyana hanyoyin gwada kaya a zafi da sanyi da girgiza da ƙura da faɗuwa, kuma bugun H ɗin ya fito a 2019. Sojoji ba sa ba kwamfutar kasuwa takardar shaida. Kamfani ne ke zaɓar gwaje-gwajen da yake so daga cikin kundin, ya yi da kansa ko ya ba wani ɗakin gwaji. Yana da amfani idan sun lissafa waɗanda suka yi, musamman na ƙura da yashi, amma tambarin shi kaɗai bai isa hujja ba.

Dattijo_Sakkwato:
Na yi aikin ofis tun zamanin tafireta, kuma a cikin duk abin da ya ratsa hannuna ban ga kibod irin na kwamfutocin ThinkPad ba. IBM ne ya fara su a 1992, Lenovo ya karɓi sashen a 2005. Tsofaffin suna da ƙarangiyar magnesiyam a ciki da ke riƙe da madabod, kibod ɗin kuma yana zaune a cikin tire mai magudanar ruwa, ta yadda idan shayi ya zube zai bi ta ramuka ya fita ta ƙasa. A 2012 suka sauya daga mai layi bakwai zuwa mai layi shida, mutane da yawa suka yi ƙorafi, amma ingancin bai faɗi sosai ba. Ɗana, idan zane kake yi, ka duba jerin P nasu, ko Precision na Dell, ko ZBook na HP. An yi su ne domin ma'aikatu da ke sayen ɗaruruwa su riƙe na shekaru, don haka kamfanonin suna wallafa littafin kwancewa da lambar kowane sashe.

Abba_Wasanni:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ThinkPad na yanzu ba irin wanda ka sani ba ne. Nisan nutsewar madanni a yawancin sababbin ya sauko zuwa milimita 1.5, kuma a sirara irin X1 Carbon sai an kwance cikin na'urar kafin a kai ga kibod. Ga kuma farashi: da kuɗin da za ka sayi ta ma'aikata mai matsakaicin katin hoto, za ka samu ta wasanni mai katin da ya fi shi nesa ba kusa ba. Mai zane da ke jiran hoto ya kammala fita yana ganin wannan bambancin kullum.

Dattijo_Sakkwato:
Gaskiyarka ne a kan siraran, ban musa ba. Amma ratar farashin da kake gani ita ce kuɗin jikin da Malam Mai Zane yake nema. Kowa ya zaɓi inda zai sa kuɗinsa.

Maigyara_Kano:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi kawo mini irin waɗannan na'urori fiye da kibod kansa, wato hinjin murfi. Allo mai inci 16 ko 17 yana da nauyi, don haka ana ɗaure hinjin da tauri. Notin hinjin kuma yana shiga ne cikin ƙananan zoben tagulla da aka dasa a cikin roba, kuma sau da yawa wurin yana dab da bakin da iska mai zafi ke fita. Bayan shekara biyu ko uku robar ta bushe ta tsage, zoben ya fita, sai murfi ya fara ɗaga kusurwar saman na'urar duk lokacin da aka buɗe. Tunda kibod a jikin wannan saman yake, karyewar hinji ta zama sayen kibod. Kada kuma a ruɗe ku da kalmar ƙarfe a talla, domin da yawa murfin ne kawai alminiyam, ƙasan da ƙarangiyar ciki roba ne. Idan kana shago, ka buɗe murfin a hankali kana kallon kusurwoyi biyu na baya. Idan ka ga suna motsi ko ka ji ƙara, ka ajiye ta. A gida kuma a riƙa buɗewa daga tsakiya, a daina ɗaukar na'ura ta kusurwa ɗaya ko ta allo.

Abu na biyu shi ne batir. Idan kibod ko wurin jan linzami ya fara tasowa sama maimakon lotsawa, to batir ne ya kumbura a ƙasa saboda zafi da zama a caji dare da rana. Wannan ba abin jinkiri ba ne, a kashe ta a kai a cire shi. Yawancin kamfanoni suna da saitin tsayar da caji a kashi 80 cikin ɗari ko ƙasa da haka, kuma yana da kyau a kunna shi.

DanMaradi:
Ina so in ƙara wani abu da ya shafe mu a nan Nijar, kuma ya shafi masu sayen na-hannu a Najeriya. Na'urorin da ke zuwa mana daga Faransa tsarin AZERTY gare su, na Ingila kuma suna da dogon madannin Enter mai lanƙwasa, na Amurka nasu a kwance yake. A na'urorin yanzu kowane madanni yana leƙowa ne ta raminsa da aka huda a saman na'urar, don haka ba za ka saka kibod ɗin Amurka a jikin na Turai ba, ramukan ba za su dace ba. Na ga wanda ya yi odar kibod daga waje, ya jira makonni, ya zo bai shiga ba. Ƙarko ya haɗa da samun kayan gyara a inda kake zaune, kuma samfurin da ya yi yawa a kasuwa ya fi sauƙin samu fiye da wanda kai kaɗai ke da shi a gari.

Ummu_Khalil:
Ni dai abin da na koma yi shi ne, idan ina gida sai in ɗora kwamfutar a kan abin ɗora ta, in jona kibod na waje. Yatsuna sun huta da zafi, na cikin kuma ya huta da ni. Kuɗinsa bai kai na gyara ɗaya ba. Na gwada shimfiɗar roba da ake rufe madannai da ita saboda ƙura, amma na ji fanka tana ƙara ihu, sai na cire.

Injiniya_Zariya:
Kin yi daidai da kika cire, Hajiya, domin idan taki tana cikin masu shaƙar iska ta kibod, rufe shi toshe mata hanci ne. A rufe murfi idan ba a aiki, a riƙa share madannai da burushi mai laushi, ya fi.

Sabon_Dalibi:
Ina bin muhawarar nan da sha'awa. Na karanta labarin kamfanin Framework na Amurka, wanda ya fara sayar da kwamfuta a 2021 da niyyar mai ita ya iya kwance komai da sukurudireba ɗaya. A samfurinsu mai inci 16 ana zare kibod a mayar da hannu, har ana iya matsar da shi gefe a ƙara sashen lambobi, katin hoton ma ana cire shi. Shin wannan ba ita ce amsar tambayar ba?

Baban_Sadiq:
Tunanin yana da kyau ƙwarai, ɗan'uwa, amma ka koma kan abin da DanMaradi ya faɗa. Sashen da ake sauyawa cikin minti ɗaya ba shi da amfani idan sai ya ƙetare teku kafin ya iso gare ka. Sannan na'urar da aka yi da guntaye masu cirewa tana da gaɓoɓi da yawa, kuma samun tauri a irinta ya fi wuya fiye da a dunƙule guda.

Mai_Zane_Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zuciyata ta karkata ga shawarar Baba Dattijo, amma lissafin Malam Abba ma yana nan, domin katin hoto shi ne abincina. Malam Maigyara, idan na tura maka lambobin samfuri biyu, za ka iya gane wadda kibod ɗinta ke da noti kafin in saya? Kuma kibod na waje ba zai yi mini ba a ranakun da nake wurin gini, inda ƙurar siminti ta fi ta hunturu.

Maigyara_Kano:
Turo su, Malam. Idan kamfanin ya wallafa littafin gyara, a nan za mu gani: in an jera kibod da lambarsa shi kaɗai, to yana fita, in kuwa an haɗa shi da saman na'ura a lamba ɗaya, to a narke yake. Amma ƙurar siminti da ka ambata ta sauya lissafin, domin idan ta haɗu da laima tana daskarewa a fanka da ƙarƙashin madannai, kuma ba na ba da shawarar kai kowace mai manyan fankoki irin wannan wurin. Da ni ne, sai in bar babbar a ofis, in nemi tsohuwar ta ma'aikata mai araha don duba zane a fili.

Abba_Wasanni:
Wannan kuma ya zama sayen kwamfuta biyu, Malam Maigyara, kuma in haka ne babu dalilin da zai hana ta ofis ɗin ta zama ta tebur, wadda kibod ɗinta da katin hotonta duk ana sauya su yadda aka ga dama. Malam Mai Zane, sau nawa a mako kake buƙatar cikakken ƙarfin na'urar a wajen ofis?